Mun iya tafiya, mun manta zango

Ranar da na sauka Ingila, a makon ƙarshe na Oktoban 2022, ban taɓa agogon hannuna ba, domin lokacinsu da namu na gida ɗaya na tarar. Kwana huɗu bayan nan, da asubahin Lahadi, na farka na ga agogon hannu yana cewa shida, waya tana cewa biyar. Na zauna bakin gado a ɗakin da asibitin da ya ɗauke ni aiki ya ba ni aro, ina duban wannan ina duban wancan, na rasa wanda zan bi in yi sallah. Waje duhu ne ƙirin, gilashin taga ya yi gumi, kuma a duk ginin nan babu ƙofar da zan iya ƙwanƙwasawa in yi tambaya. Sai da rana ta ɗaga na ji cewa haka suke yi: ranar Lahadi ta ƙarshe a Oktoba su mayar da agogo baya da awa ɗaya, ta ƙarshe a Maris su tura shi gaba. Ɗan firamare ma ya san wannan a nan. Ni da na shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya a Kano ban sani ba, domin ba ya cikin jarrabawar Turancin da na ci, ba ya cikin takardar biza.

Tun daga ranar nake riƙe da wani ra'ayi, kuma shekarun da suka biyo baya ƙarfi suka ƙara masa. Mu masu fita waje aiki, da 'yan'uwan da suke raka mu filin jirgi, duk mun ɗauka wuyar tana wajen samun biza. In ta fito sai a yi hamdala, a ce wane ya haye. Alhali shekarar farko ta zama ita ce mai tsayar da mutum da ƙafarsa ko ta durƙusar da shi, kuma abin da na ga ya fi raba wanda ya tsaya da wanda ya durƙusa shi ne ko ya samu mai masauki: wanda ya riga shi zuwa, ya san gari, ya yarda ya ce wannan baƙona ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, in ana maganar saukar baƙo a ƙasar da ba taka ba, babu wanda zai koya wa Bahaushe. Mu muka gaji wannan sana'a, mu kuma muka bar ta a gida muka hau jirgi.

Bari in fara da gida, domin shi ne tarkon farko. Ɗakin aro na wata biyu ne. Na shiga neman haya, sai na tarar da wata igiya da ta zagaye kanta. Mai gida yana son ya ga tarihin mu'amalarka da bankunan ƙasar, wanda ba ka da shi. Banki yana son shaidar adireshi kafin ya buɗe maka asusu. In ba ka da tarihin, sai a ce ka kawo wanda zai tsaya maka, mazaunin ƙasar mai albashi, wanda zai sa hannu cewa in ka kasa biya shi zai biya. Wa na sani? Wani dillalin gidaje ya ce in ba ni da mai tsaya mini, in ba da kuɗin wata shida a dunƙule. Wani kuma ya nemi kuɗin ajiya na wata biyu, na kusa biya, ban san cewa tun 2019 dokar Ingila ta hana a karɓi fiye da kuɗin haya na mako biyar a matsayin ajiya ba. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma baƙo a cikinsa yake kwana.

Sai maganar albashi, wanda shi ne kowa a gida yake lissafi da shi. Ma'aikacin jinya da ya zo daga waje ba ya fara cin cikakken albashi sai ya ci jarrabawar gwajin aiki ta hukumar da ke rajistar ma'aikatan jinya, wato NMC. Kafin nan a matakin mataimaki ake biyan ka. Da na ci, na hau mataki na biyar na albashin NHS, hukumar lafiya ta ƙasar, wanda a wannan shekarar yake farawa daga fam 27,055. A kunnen mutumin Kano wannan dukiya ce. To amma duk abin da ya haura fam 12,570 ana cire masa haraji kashi ashirin cikin ɗari, a cire inshorar ƙasa, a cire fansho, abin da yake shigowa hannuna a wata bai kai fam 1,800 ba. Daga nan haya ta ɗauki nata, harajin ƙaramar hukuma ya ɗauki nasa, sai wuta da gas, a daidai lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 a Oktoban 2022, abin da ƙasar ba ta gani ba cikin shekara arba'in. Su kansu 'yan ƙasa kuka suke yi. A Disamban shekarar na ga abokan aikina sun fita yajin aiki cikin sanyi, suna tsaye a ƙofar asibiti da kwalaye. Ni kuwa a fasfo ɗina an rubuta cewa ba ni da haƙƙin taɓa tallafin gwamnati. Saboda tsoron kuɗin gas na daina kunna abin ɗumama ɗaki, ina kwana da riguna uku da safa biyu, har bango ya fara yin baƙin funfuna ban san sanyin da rashin buɗe taga ne suke jawo shi ba.

Duhun kuwa ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai gani ba. A yankin Newcastle, inda nake zaune, a tsakiyar Disamba, rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, kafin ƙarfe huɗu saura kwata ta faɗi. Mai aikin awa goma sha biyu da duhu yake shiga, da duhu yake fita. Azahar da la'asar da magariba duk suna riskar ka a bakin aiki, kusa da juna kamar an ɗaure su. Sai jiki ya mutu, gaɓoɓi su riƙa ciwo, zuciya ta yi nauyi ba tare da dalili ba. Mu ba mu saba faɗin irin wannan ba. In ka kira gida aka ce yaya sanyi, sai ka ce alhamdu lillahi, ka kashe waya, ka zauna kana kallon bango.

A cikin wannan hali na haɗu da Alhaji. A wani kantin nama na 'yan Pakistan ne, ina tsaye ina juya ledar garin masara ina tunanin ko zai yi tuwo, sai na ji wani a bayana yana waya da Hausa. Hausar Gana ce, wadda mace ma "ya zo" ake ce mata, amma wallahi a kunnena ta fi kowace waƙa daɗi a ranar. Dattijo ne ɗan zangon Kumasi, direban tasi, ya haura shekara ashirin a garin. Na yi masa sallama, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ɗana, yaushe ka zo?" Na ce wata biyu ke nan, Baba. Ya ce, "Wa ya sauke ka?" Na ce babu kowa. Sai ya girgiza kai kamar na gaya masa rasuwa, ya ce, "Haba. Ana zuwa gari babu mai gida?"

Alhaji bai taɓa ba ni ko fam ɗaya ba, ban kuma tambaye shi ba. Ga abin da ya yi. Ya kai ni na yi rajista da likitan unguwa, ya nuna mini cewa kyauta ne. Ya ce in sayi ƙwayar sinadarin bitamin D in riƙa sha, domin mai baƙar fata a ƙasar da babu rana yana buƙatar ta duk shekara, kuma daga baya na ga haka hukumar lafiyarsu take cewa. Ya gaya mini cewa mai zama shi kaɗai ana rage masa kashi ashirin da biyar na harajin ƙaramar hukuma, amma sai ya nema. Ya ce lasisin tuƙina na Najeriya shekara ɗaya kawai zai yi mini, in fara shirin jarrabawa tun yanzu. Ya zauna da ni ya fassara mini Turancin mutanen yankin, wanda ya sa na yi makonni ina gyaɗa wa marasa lafiya kai ban ji rabin abin da suke faɗa ba. Shi ya ce mini in daina sunkuyar da kai idan shugabar ɗakinmu tana magana, domin abin da muke kira ladabi su rashin gaskiya suke karantawa a ciki. Ya kai ni masallacin da ake fassara huɗuba. Ranar Asabar kafin Lahadin ƙarshen Maris na 2023, azumi yana da kwana uku, ya kira ni ya ce gobe agogo zai ci gaba, in kula da sahur. Babban abin da ya yi kuwa, ya ɗauki alƙalami ya sa hannu a takardar haya a matsayin mai tsaya mini, alhali sanin da ya yi mini bai wuce na mako shida ba. Da na ce, "Baba, ba ka jin tsoro?" sai ya ce kakansa ma haka aka yi masa da ya biyo goro daga Katsina.

Wannan maganar tasa ce ta sa na koma ina tunanin abin da muka gada. Fataken da suke bin hanyar Gwanja, daga Kano zuwa Salaga sayen goro, ba da ka suke tafiya ba. Akwai madugu, akwai jagaba, kuma a kowane gari akwai zango da fatoma, wato mai saukar fatake. Zangon Kumasi, Sabon Zango da Nima a Accra, Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916, unguwar Hausawa ta Briqueterie a Yawunde, garin Mai Wurno a Sudan inda mahajjata masu tafiya a ƙasa suke yada zango, duk a kan abu guda aka gina su. Baƙo ya iso, ya nemi sarkin zango, a haɗa shi da mai gida. Mai gida ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta. Idan za a ba da shanu bashi a kasuwar Ibadan, mai gida ne yake lamuni, kuma in aka ci amana shi zai biya. Duba wannan jerin ka kwatanta da abin da sabon zuwa Ingila yake nema yau: adireshi, mai tsaya masa, mai fassara masa gari. Ko ɗaya bai canza ba. Da ɗan gari akan ci gari, jiya da yau.

Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. Da Abdurrahman bin Auf ya yi hijira zuwa Madina aka haɗa shi 'yan'uwantaka da Sa'ad bin Rabi'. Sa'ad ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'ar albarka, ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Yawancin waɗanda suke zuwa aiki irin Abdurrahman ne. Da sana'arsu suka zo, ba bara suka zo yi ba. Wanda zai kama hannunsu ya nuna musu kasuwa suke nema.

To me ya sa ba ma yi? Ina kallon ma'aikatan jinya 'yan Kerala ta Indiya da 'yan Filifin da muke aiki tare. Kafin ɗaya daga cikinsu ya sauka, an san ranar zuwansa, an je filin jirgi, an ajiye masa shinkafa da bargo da tukunya, an sa shi a zauren WhatsApp na garin. 'Yan'uwanmu Yarbawa da Ibo suna da coci da ƙungiyoyin gari da suke yin irin wannan. Mu kuwa laifinmu na farko ɓoye tafiya ne. Mutum zai shirya fita ƙasar waje ko maƙwabcinsa bai sani ba, don tsoron baki da hassada, sai an ga hotonsa a cikin dusar ƙanƙara. Wanda ya ɓoye wa na gida, ta yaya zai nemi na waje? Haka yake sauka babu wanda ya san da zuwansa. Na biyu kunya ce da girman kai irin na mai ilimi. Ɗan kasuwar da ya sauka zango ba ya jin nauyin cewa ban sani ba. Likita ko injiniya kuwa gani yake faɗuwa ce ya tambayi direban tasi yadda ake fitar da shara.

Na san abin da na nan za su ce, kuma ba ƙarya suke yi ba. Wanda ya yi dare huɗu a jere a asibiti, barci kawai yake nema. Gidajen ƙanana ne, takardar haya ta ƙayyade mutanen da za su zauna. Akwai wanda ya sauki baƙo na mako biyu ya shekara bai tafi ba. Akwai wanda ya tsaya wa wani, aka gudu aka bar shi da bashi. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma fatoman da ma ana cin amanarsa, kuma bai rufe zaure ba, sai dai ya nemi wanda zai gabatar da baƙo, a san ɗan gidan wa ne. Ba kowa ba ne zai iya ba da ɗaki, ba kowa ba ne zai iya sa hannu. Awa biyu ranar hutu kuwa, da kiran waya sau ɗaya a mako, babu wanda zai ce mini ya fi ƙarfinsa.

Kuma inda mai gida na gaskiya bai tsaya ba, na ƙarya ne yake tsayawa. A Fabrairun 2022 Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga masu aikin kula da tsofaffi da marasa ƙarfi. Nan da nan dillalai suka cika gari, ciki har da namu masu jin harshenmu, suna sayar da takardar ɗaukar nauyi, wadda kamfani yake ba ma'aikaci ya nemi biza da ita, da dubban fam, abin da doka ta hana a karɓi kuɗi a kansa. Mutane suka sayar da fili da gida suka zo, suka tarar babu aikin, ko akwai amma na awa kaɗan da ba zai biya haya ba. Gwamnati da kanta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 ta soke lasisin irin waɗannan kamfanoni sama da 470, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. Wanda aka soke wa mai ɗaukar nauyinsa, kwana sittin ake ba shi ya nemi wani ko ya bar ƙasa. A Maris na 2024 aka hana masu wannan aiki zuwa da iyali, a Yulin 2025 aka rufe ƙofar ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Na san wata baiwar Allah da ta yi wata uku tana kwana a falon wasu da ba ta sani ba, tana tsoron faɗa wa mijinta a gida. Da a ce kafin ta biya kuɗin akwai lambar mutum ɗaya amintacce da za ta kira ta ce ga abin da aka ce mini, da minti biyar ya ishe shi ya ce mata kada ki biya.

Da iyalina suka iso bayan wata takwas, sai na gane cewa ni mai sauƙin ne. Ni ina fita aiki ina ganin mutane. Uwargida kuwa, wadda a gida ba ta taɓa yin yini ɗaya ba tare da maƙwabciya ta leƙo ba, sai ga ta tsakanin bango huɗu da yara biyu, babu suna, babu biki, babu mai cewa a ba ni aron turmi. Matar Alhaji ce ta zo ta fitar da ita, ta nuna mata inda ake sayar da kuɓewa da manja, ta zaunar da ita ta yi mata bayanin abin da babu mai rubuta maka: ba a barin ƙananan yara su kaɗai a gida ko da na zuwa kanti ne, ba a cire yaro daga makaranta lokacin karatu don tafiya gida ba tare da izini ba, akwai tara. Hannu kuma a kiyaye shi, domin a Sikotlan tun 2020 da Wales tun 2022 dukan yaro kowane iri laifi ne, a Ingila ma malamin makaranta da ya ga tabo sai ya sanar da hukuma. Iyalai nawa ne suka shiga tashin hankali a kan abin da wata dattijuwa za ta iya gaya musu a kan kofin shayi?

'Yan'uwa na gida, ku ma da naku rabon a wannan aiki. Na san halin da ake ciki. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, fam ɗaya ya haura naira dubu biyu a 2024, kuma duk wanda yake da ɗa a waje da wannan lissafin yake kwana. Amma wanda ya sauka jiya da bashin tikiti a kansa, bai ci jarrabawa ba, bai kama haya ba, in kuka fara aiko masa da kuɗin makaranta da na asibiti da na biki tun watan farko, ba zai ce a'a ba. Zai ƙara dare a kan dare, ya kashe abin ɗumama ɗaki, ya aiko. Ku ɗaga masa ƙafa shekara guda ya kafu. Idan kun kira, bayan yaya aiki, ku tambaye shi wa ya sauke shi, wa yake ci abinci da shi ranar Juma'a. In ya ce babu, ku nema masa, ko ɗan garinku ne da yake wani birni mai nisan awa uku.

A bara wani abokin aikina na da ya kira ni daga Gusau, ya ce ƙanensa ya samu aiki a wani gari kusa da mu. Na je na ɗauko shi a tashar jirgin ƙasa, ya kwana goma a falonmu. Da aka zo maganar haya, aka miƙo takardar mai tsayawa. Uwargida ta ja ni gefe ta ce, "Baban yara, in ya kasa biya fa? Mu ma da ƙyar muke kai ƙarshen wata." Gaskiyarta ce, kuma na kwana biyu ina juya maganar kafin in sa hannu, hannun nawa ma yana rawa. Zuwa yau bai taɓa saɓa wata ba. Daren Asabar ɗin ƙarshe na Oktoba na kira shi, na ce gobe za a mayar da agogo baya, ya bi na waya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, wai agogon ma canza shi suke yi?"